RAIRAYI BA YA TAMBAYAR ƘABILA: Darasi a Kan Ladubban Zance Game da Canjin Yanayi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai saukar da ruwa bayan bayi sun fid da tsammani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da ake kira canjin yanayi, da kuma yadda ya kamata mu tattauna shi a tsakaninmu alhali ra'ayoyinmu sun sha bamban, harsunanmu sun sha bamban, sana'o'inmu ma haka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani taro da na halarta, wanda har yanzu nake jin nauyinsa a zuciyata.

TARON DA YA WATSE

Shekarun baya an gayyace ni wani ƙauye da ke arewacin Gure domin in buɗe taro da addu'a. Tudun rairayi ya matso kusa da kwarin garin, inda suke da dabino da goriba da ƴan lambuna da rijiya. Wani saurayi ma'aikaci ya zo da takardu da taswira, ya yi bayani mai tsawo, rabinsa da Faransanci. Da ya gama sai wani dattijo mahaddacin Alƙur'ani ya tambaye shi: "Yaro, wa yake saukar da ruwa?" Saurayin ya yi murmushi ya ce wannan magana ce ta kimiyya, a ajiye ta masallaci gefe. Dattijon ya naɗe buzunsa ya tashi, kusan rabin jama'a suka bi bayansa.

A can gefe kuwa akwai Fulani da Tubawa zaune, babu wanda ya fassara musu ko kalma ɗaya. Abin da suka fahimta kawai shi ne za a kewaye wani fili a hana dabbobi shiga. An kafa shingen, amma bai kai kaka ba aka ɓalle shi, wasu suka kora awaki ciki, wasu suka kwashe shi suka hura wuta. Da hunturu ya zagayo, rairayi ya rufe lambuna biyu ya tsaya a bakin rijiya. Ni kuwa laifina a ranar shi ne shiru. Na san amsar da za ta haɗa dattijon da saurayin, amma na ji kunyar tsoma baki a taron da aka kira ni domin addu'a kawai. Allah Ya gafarta mini.

Bayanin saurayin daidai ne, tambayar dattijon ma daidai ce, tsoron makiyayan kuma yana da dalili. Abin da aka rasa shi ne ladabin isar da magana.

ABIN DA IDO YA GANI

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutanen ƙasar Muniyo ba sa bukatar a zo daga Yamai a gaya musu cewa zamani ya juya. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta shekarun 1913 da 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973, sannan na 1984 wanda ya ƙarar da garkuna, ya tura magidanta Kano da Maiduguri neman abin kai wa baki. Ni a lokacin ina ƙaramin yaro, amma ban manta da ƙasusuwan shanu a bakin hanya ba. Mun kuma ga ƙarancin abinci na 2005 bayan farin ɗango na 2004.

Daga Gidigir zuwa Bune, daga Kilakina har Maine-Soroa, kwaruruka da yawa da ake cin dabino da kanwa a cikinsu sun ƙanƙance, ruwan wasu ya yi ƙasa, wasu kuma rairayi ya binne gefensu. Tafkin Cadi da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Sai kuma ga wani sabon al'amari: ruwan da ya yi ƙaranci ya koma yana zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, har aka ɗage buɗe makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. A watan Satumba na shekarar ne tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama. Wannan masallaci ya jure damana fiye da 150 kafin ya faɗi a idonmu.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Wajibi ne mai wa'azi ya san abin da yake magana a kai, don haka ga bayanin a taƙaice. Idan aka ƙona fetur da gas da gawayin ƙasa, wata iska ce take fita da ake kira kabon. Wannan iska tana taruwa a sararin sama tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin manyan masana'antu yawanta kusan kashi 280 ne cikin miliyan, yau ta haura 420. Saboda haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya, kuma 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa. Iska mai zafi tana shanye danshin ƙasa da sauri, tana kuma ɗaukar tururin ruwa mai yawa. Shi ya sa ake ganin abu biyu masu kama da kishiyoyi: shuka tana bushewa a tsakiyar damana, sannan ruwan wata guda ya sauka cikin dare ɗaya.

Wannan shi ne sababi na nesa, kuma rabon Afirka gaba ɗaya cikin wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Akwai kuma sababi na kusa wanda yake hannunmu: sare itatuwa, da share gona ƙal ba a bar ko kututture ba, da cunkoson dabbobi a bakin rijiya ɗaya har ƙasa ta tuɓe. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, faɗin ƙasar kuwa bai ƙaru ba. Duk wanda ya ambaci ɗaya daga cikin sabuban nan biyu ya ɓoye ɗayan, to ya faɗi rabin gaskiya.

WURARE HUƊU DA MAGANA TAKE KARYEWA

Na farko shi ne tsakanin ƴan lakol da malaman allo. Ɗan lakol yakan ɗauka cewa ambaton ƙaddara lalaci ne, malami kuma yakan ɗauka cewa ambaton sababi shisshigi ne cikin ikon Allah. Sayyidina Umar (RA) ya warware wannan tun tuni. Lokacin da ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya yi shawara ya yanke a koma. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Sannan ya ba shi misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Babu makiyayin da zai ji wannan misali ya kasa gane shi. Haka nan aya ta 41 cikin Suratur Rum ta danganta ɓarnar da take bayyana a tudu da teku ga aikin hannuwan mutane, kuma Annabi Yusufu (AS) ya fuskanci shekaru bakwai na fari da tanadin hatsi a cikin zangarniyarsa.

Wasu kan kafa hujja da hadisin Hudaibiyya, wanda ya yi gargaɗi ga mai cewa tauraro kaza ne ya ba shi ruwa, su ce hasashen ma'aikatar yanayi ya shiga ciki. Malamai, cikinsu har da Imamu Shafi'i, sun bambanta tsakanin mai ƙudurta cewa tauraron ne yake yin ruwa da mai nufin cewa Allah Ya saba saukar da shi a lokaci kaza. Dattijon da ya ga shamuwa ta dawo ya ce a gyara iri damana ta kusa, babu wanda ya taɓa kiransa boka. Mai auna iska da na'ura a cibiyar Agrhymet ta Yamai alama yake karantawa kamar yadda dattijon yake karantawa, yana dacewa yana kuskure, ilimin gaibu kuwa na Allah ne Shi kaɗai.

Na biyu shi ne tsakanin manomi da makiyayi. Manomi ya ce dabbobi ne suka cinye daji, makiyayi ya ce gonaki ne suka cinye burtali da mashaya. Kowannensu yana da shaida a hannu. Wannan ita ce rabuwa mafi haɗari, domin ita ce take kai ga zubar da jini. Kada mu manta da abin da ya faru a Toda cikin jahar Maraɗi a watan Oktoba 1991, inda aka kashe fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yara, a kan rikicin gona da kiwo. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin zirga-zirga da dabbobinsa. Amma doka tana aiki ne idan mutane suna iya zama a tabarma ɗaya. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya Musulmi abokan tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, shari'a kuma ta ɗora wa mai dabba biyan ɓarnar da ta yi da dare. Mai wa'azin da ya karanta wa jama'a ɗaya ya bar ɗayan ya zama ɗan ɓangare.

Na uku shi ne siyasa. Tun bayan babban taron ƙasa na 1991 mun saba da cewa idan aiki ya zo ta hannun wata jam'iyya, ƴan ɗaya jam'iyyar sukan juya masa baya ko da rijiya ce. An rusa jam'iyyu a watan Maris 2025, sai dai takardar hukuma ba ta goge abin da yake cikin zukata. Har yanzu mutum yakan duba wa ya kawo magana kafin ya duba abin da maganar ta ƙunsa, har yanzu ana gardama a kan wa aka rubuta cikin jerin masu aikin shinge, wa aka bari.

Na huɗu shi ne zargin Turawa. Matasa da yawa suna cewa: su ne suka cika sama da hayaƙi har suka yi arziki, yanzu da muka fara haƙo man Agadem muna tace shi kusa da Damagaram tun 2011, sai suka zo suna mana wa'azin yanayi. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma wanda ya musa ta zai rasa kunnen matasa. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawura a taron Paris na 2015 da waɗanda suka gabace shi, cikawar kuwa ta yi jinkiri. Neman haƙƙinmu a wurinsu daidai ne. Amma kasancewar maƙwabcinka ne ya kunna wutar ba ya sa ka zauna kana kallo tana cin ɗakinka. A cikin Sahihul Buhari, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar wa Abu Huraira (RA) wata magana da ya ji daga Shaiɗan, ya sanar da shi cewa a wannan karon ya gaya masa gaskiya duk da kasancewarsa maƙaryaci. Gaskiya ana karɓarta saboda gaskiya ce. Kuma malaman Musulmi da kansu sun taru a Istanbul a watan Agusta 2015 sun fitar da sanarwa a kan canjin yanayi, saboda haka maganar ba mallakar wani jinsi ba ce.

LADUBBA BIYAR

Na ɗaya: ka fara da tambaya. Kafin ka buɗe takarda, ka tambayi dattawa gaba nawa rijiyar garin take a zamanin ƙuruciyarsu, gaba nawa take yau, waɗanne itatuwa da ciyayi ne suka ɓace, ina tudun nan yake lokacin da suka yi aure. Su da kansu za su zayyana maka canjin yanayi filla-filla, kai kuma sai ka ɗora bayanin sababi a kan shaidarsu. Mutum ba ya musa abin da ya fito daga bakinsa.

Na biyu: ka yi magana da harshen da ake ji. An ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) umarnin a yi wa mutane zance gwargwadon abin da suka sani. A gundumarmu akwai Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye da Larabawa. Taron da ba a tanadi tafinta ba, an kori wasu daga cikinsa tun kafin a fara. Haka mata: su ne masu neman itacen girki da ɗiban ruwa, su ne suka san nisan da itace ya ƙara yi a kowace shekara. A nemi hanyar jin ta bakinsu cikin mutunci.

Na uku: ka fara da laifin gidanku. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan manomi ya miƙe ya ce gonarsa ta ci taku goma cikin burtali zai janye, makiyayi zai ji nauyin ya musa ɓarnar da shanunsa suka yi. Mu ma malamai muna da namu: sau nawa muka tura almajirai daji neman itacen wutar karatu ba mu taɓa sa su dasa ko ɗaya ba?

Na huɗu: ka tausasa harshe. Allah Ya umarci Annabi Musa da Annabi Haruna (AS) da su yi wa Fir'auna magana mai laushi, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Wanda kake magana da shi bai kai Fir'auna ɓata ba, kai kuma ba ka kai Annabi Musa shiriya ba. Kalmomin "jahili", "baƙauye", "ɗan koren Turawa", "mai raunin imani", kowace ɗaya tana rufe kunne na shekara guda. Haɗe da wannan akwai tantance labari, kamar yadda aya ta 6 cikin Suratul Hujurat ta koyar. Saƙonnin murya da ake yawo da su a WhatsApp, wani ya ce jirage ne suke kore hadari, wani ya ce duniya za ta ƙone shekara mai zuwa, kada Musulmi ya tura su gaba ba tare da bincike ba.

Na biyar: ka rufe zance da aiki da kuma fata. Tsoratarwa zalla tana haifar da yanke ƙauna, wanda ya yanke ƙauna kuwa sai ya sare itacen ƙarshe ya sayar ya tafi. Muna da abin nunawa. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya tsananta doka a kan sare gawo a ƙarni na 19. Bayan taron Maraɗi na 1984 a kan yaƙi da hamada, manoma a jahohin Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke shi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa. A nan gida kuwa, duk wanda ya je Cago da wasu kwaruruka zai ga tuddan da aka ɗaure da shingen kalumbo da kaba, aka dasa itatuwa a tsakaninsu, ciyawa ta dawo. Hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito ya kwaɗaitar da wanda alƙiyama ta riska da dashe a hannunsa da ya dasa shi idan ya sami dama.

YADDA AKA SAKE ZAMA

Shekarar da ta biyo baya na koma ƙauyen nan. Na fara zuwa gaida dattijon a zaurensa, na je rugar Fulani na sha nono, sannan na nemi saurayin na roƙe shi ya bar takardunsa a mota. Aka zauna bayan sallar Juma'a. Dattijon ne ya buɗe da addu'a, shi ne kuma ya lissafa itatuwa bakwai da ya sani a yarintarsa waɗanda jikokinsa ba su taɓa gani ba. Saurayin ya fara da cewa Allah ne Mai saukar da ruwa, shi kuwa an koya masa ne yadda ake karanta alamu da yadda ake tsayar da rairayi. Arɗo ya ce sun yarda a kange fili shekara uku, da sharaɗin a bar musu hanya zuwa rijiya, a sa ƴaƴansu cikin masu gadi, kuma idan ciyawa ta fito a raba da su. Aka rubuta da ajami da boko, aka yi fatiha. Ba a daina saɓani ba, domin a bara ma sai da aka kai ƙarar wasu awaki wurin maigari. Amma shingen yana nan tsaye, kuma ana ɗiban ruwa a rijiyar.

KAMMALAWA

Manzon Allah (SAW) ya ba da misalin mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so su huda rabonsu domin su ɗebi ruwa. Idan na sama suka ƙyale su duka su nutse, idan suka riƙe hannunsu duka su tsira. Ƙasar Muniyo jirgi ɗaya ce. Rairayin da ya taso daga arewa maso gabas ba ya tambayar gonar Bamange ce ko ta Bahaushe, ba ya tambayar mai rijiyar ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala.

Ina kira ga ƴan'uwana limamai da su keɓe huɗuba ɗaya kafin damana domin wannan magana, su gayyaci manomi da makiyayi da ma'aikacin gandun daji su zauna a sahu ɗaya. Idan ranar 3 ga Agusta ta zo, ranar dashen itatuwa, kowace makarantar allo ta dasa aduwa ko dakwara ko kandili, a damƙa wa kowane almajiri nasa ya riƙa ba shi ruwa har ya kama. Idan ruwa ya yi jinkiri mu fita sallar roƙon ruwa da tuba da mayar da haƙƙoƙi, idan mun dawo mu ɗauki kaba mu nufi tudu. Haka Sayyidina Umar ya yi a shekarar Ramada, ta 18 bayan Hijira: ya fita roƙon ruwa tare da Abbas (RA), ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo abinci.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya ba mu damana mai albarka, ruwan rahama ba na azaba ba. Allah Ya haɗa kawunanmu, Ya tsare harsunanmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.